Ɗakin da Barau Ya Turara

Duk wanda ya ci kasuwar Gwaram a shekarun da aka bar fam da sule aka koma naira, ya san Barau mai zuma. In bai san sunansa ba ma ya san kekensa, wani tsohon keke mai kuka kamar ana jan akuya zuwa mahauta, gorunan zuma rataye hagu da dama, ƙudan zuma biyu ko uku suna yi masa rakiya tun daga ƙauyensu Kwandiko. Dogo ne siriri, furfura ta fara leƙo gemunsa, ga haƙuri kamar ƙasa. Haƙurin nan kuwa, tsakani da Allah, ya wuce gona da iri, har yakan ba mutum haushi.

Sana'ar ta gado ce. Ubansa ne ya koya masa saƙa amya, wato kwandon da ake rataya wa zuma a kan itace ta yi gida a ciki. A saƙa ta da ciyawa, a shafe ta da kashin shanu, a shanya, a turara cikinta da hayaƙi mai ƙamshi, sannan a hau ɗorawa ko kaɗanya a ɗaure ta a reshe. Daga nan aikin mutum ya ƙare. "Zuma ba a kiran ta, ba a koro ta," in ji tsohon. "Gyara mata gida ka turara, ka koma gefe ka kama bakinka. In rabonka ce za ta shiga." Barau ya haddace wannan karatu tun yana ƙarami, bai kuma taɓa ba shi kunya ba. Matsalar ita ce ya ɗauka duk al'amuran duniya haka ake yin su.

Matarsa A'i ta rasu da daɗewa, 'ya'yansa mata duk suna ɗakunansu. Shi kaɗai ne a gida, sai amyoyi da keke. Amma in ranar kasuwar Gwaram ta zagayo, ka ga mutum ya wanke riga tun jajibere, ya gyara gemu, har da ɗan kwalli. Kafin ya shimfiɗa buhunsa a gindin tsamiyar da yake zama, sai ya fara biyawa ƙofar gidan Malam Hadi, inda ƙanwar mai gidan take zaune tun da ta gama takaba. Batulu ke nan, mai alkaki. Duk garar da za a kai ɗakin amarya daga Gwaram har Basirka, in ba alkakin Batulu a ciki, dangin ango sai sun yi gunaguni. Alkaki kuwa sai an tsoma shi a zuma, shi ya sa ta zama babbar mai sayen kayan Barau.

"Salamu alaikum. Mai alkaki tana ciki?"

"Wa alaikumus salam. Kukan keken nan ai ya isa sallama, Malam Barau," Batulu za ta amsa daga tsakar gida. Sai ta fito zaure da tulunta da ɗan tsinke, gajeruwa mai jiki, mayafi a kafaɗa, ido tar kamar ba ta taɓa barci ba. Ta cire totuwar da ya toshe gorar da ita, ta tsoma tsinke, ta lasa, ta yatsine fuska.

"Kai, yau kam an yi wa zumar nan wanka."

"Subhanallahi! Ruwa a zumata? Ɗiga ta a ƙasa ki gani in za ta nitse."

"To ai ƙasar ma ƙawarka ce."

"Ta ɗorawar gonar abokina Dabo ce fa. Dubi jan da ta yi."

Haka za su yi ta ja, ita tana kushewa shi yana rantsuwa, har su daidaita a inda suka daidaita wancan makon da wanda ya gabace shi. Ta juye zumar, ta shiga ciki, ta dawo masa da gorarsa tare da alkaki biyu a faifai, don ba a mai da ƙwaryar mutum haka nan. Barau ya ci ɗaya a tsaye, ya ƙulle ɗaya a aljihu. Ranar nan duk wanda ya zo sayen zuma, mai tari ne, mai ƙuna ne, ko malamin da zai haɗa rubutu, sai ya samu gyara har ya yi mamaki.

To, a shekarun nan ne kuɗin mai suka fara shigowa, kaya suka cika kasuwa. Sukari ya zo buhu-buhu a manyan motoci daga Birnin Kudu, fari fat, ga araha. Masu alewa suka juya wa zuma baya, masu nakiya suka bi su. Batulu ce kaɗai ba ta fasa ba, gorarta guda kowane mako. Barau yakan ce a ransa, "Mace mai sanin darajar abu ke nan." Yana son ta. Wannan ba sai an ɓoye ba, son ta yake yi ƙwarai, irin son manya wanda ba ya hana barci amma yana hana jin daɗin tuwo.

Me kuke tsammani ya yi? Aike ya yi wa Malam Hadi? Ko kusa. Ɗaki ya gina.

Ya buga tubali da hannunsa, ya sayo azara, ya yi rufin soro. Ya shafe bango da makuba har yana ƙyalli, aka yi masa daɓe, ya sa ƙofar kwano da sabon kwaɗo, ya bar 'yar taga ta gabas don iska. Da ya gama ya turara ɗakin ya kulle, ya koma gefe ya kama bakinsa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Batulu tana Gwaram tana suyar alkaki, ko a mafarki ba ta san an yi mata ɗaki a Kwandiko ba.

Wata safiya da kaka, washegarin kasuwa, Barau yana tsakar gida yana saƙa amya sai ga Dabo ya shigo da sandarsa. Dabo Bafulatani ne mai shanu da gona, abokinsa tun suna yara, kuma a ɗorawoyin gonarsa yawancin amyoyin Barau suke. Bakinsa ba ya raga wa kowa.

"Wai Barau, ɗakin nan aljanu ka gina wa?"

"Na mai rabo ne."

"Mai rabon ta san da shi?"

Barau ya ci gaba da saƙa. Can ya ce, "Shiru ma magana ce."

"A wurin mai duba ba. To bari ka ji abin da Fatsuma ta jiyo jiya da ta kai nono Gwaram." Fatsuma matar Dabo ce. "Alhaji Hambali mai kantin sukari ya aika wa Malam Hadi goro. Batulu yake nema. Ta ce a ba ta zuwa kasuwa mai zuwa, in an yi la'asar ya zo ya ji amsa."

Ciyawar da ke hannun Barau ta zube. Ya san Alhaji Hambali sarai, mutumin kirki ne, ba abin da za a ce da shi, ga sabon babur mai madubi biyu, ga baki kamar an jiƙa shi a kayan kantinsa.

"A bari ya huce shi ke kawo rabon wani," in ji Dabo. "Tashi ka hau wannan akuyar taka ka je ka buɗe baki. In ba za ka iya ba ka aike ni."

"A'a, kada ka je."

"To me za ka yi?"

Barau ya dubi ɗakin ya daɗe. Gaskiyar da bai faɗa wa Dabo ba ita ce tsoro yake ji. In ya yi magana ta ce a'a, to shi ke nan, zauren ma ya haramta gare shi, ba tsinke, ba kushe, ba alkaki a faifai. Gara masa rabin nan da ya saba da shi. Sai zuciyarsa ta gudu ta ɓuya a inda ta saba ɓuya, wato bayan karatun ubansa.

"In amya ta daɗe ba a shiga ba," ya ce a hankali, "ba laifin zuma ba ne. Turaren ne ya gushe."

Dabo ya riƙe haɓa. "La'ilaha illallahu! Barau, mace ce fa. Daga Gwaram za ta jiyo ƙamshin?"

"Allah ne mai kai ƙamshi."

"Allah ya shirye ka," in ji Dabo, ya ɗauki sandarsa ya fita yana girgiza kai.

Barau bai san turaren wuta irin na mata ba, bai taɓa saye ba. Turare ɗaya ya sani a duniya, shi ne na amya. A da ɗan kaɗan yake sa wa ɗakin. Wannan karon, da yake abin ya zo wuya, sai ya buɗe hannu. Ya kawo kakin zuma dunƙule guda, da ƙaron ararraɓi, da saiwar jema, irin haɗin da ubansa yake ɓoye wa sauran masu zuma. Ya zuba a kasko kan garwashi, ya ajiye a tsakiyar ɗaki, ya ja ƙofa. Safe ya turara, yamma ya turara, yana yi yana addu'a. Maƙwabta suka fara tambayar ko wani abu ake yi a gidan Barau ba a gaya musu ba.

Abin da ya manta, shi da ya fi kowa sani, shi ne kaka ce. Lokacin da zuma take rabuwa ke nan, gungu-gungu suna yawo suna neman sabon gida.

Ana jibi kasuwa, da hantsi, yana zaune yana wanke goruna sai ya ji wani gunji daga gabas. Ya ɗaga kai. Wani baƙin gungu ne ya taso ta kan katanga, ya rufe rana. Ga amya sabuwa fil a kan kaɗanyar bayan gida, ba kowa a ciki, ko kallon ta ba su yi ba. Suka yi kewaye ɗaya a tsakar gida, suka miƙe sai 'yar tagar nan ta gabas, suka yi ta ɗura kamar ana zuba gero a buhu.

Da gunjin ya lafa Barau ya lallaɓa ya leƙa. Sun dunƙule a jikin azara, tsakiyar ɗakin, dunƙulen ya kai tulun ruwa girma.

"Masha Allah!" ya ce, baki har kunne. "Rabona da ganin gungu irin wannan tun Baba yana raye."

Sai da ya faɗa sannan ya tuna ɗakin wa suka shiga. Ya sulale ya zauna a dokin ƙofa, ya dafe kai. Ga shi kuma ba halin kora. A gidansu, zumar da ta shigo wa mutum gida da kanta baƙuwa ce, arziki ce, wanda ya sa mata wuta ya kori rabonsa. Ubansa bai taɓa yi ba, kakansa bai yi ba.

Dabo da ya zo ya gani, dariya ya yi har sandarsa ta faɗi, ya durƙusa yana riƙe ciki. "To ai ga shi nan, turare ya yi aiki! Amarya ta tare! Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo ƙazantar ɗaki!" Da yamma ya gaya wa Fatsuma. Labarin da ya shiga ƙwaryar mai nono kuwa ya riga mota isa gari.

Ranar kasuwa Barau ya so ya ce ba shi da lafiya. Amma yau ce ranar, in la'asar ta yi an gama. Ya ɗaura goruna ya hau keke. Tun daga bakin gari aka fara. Mahauta suka ɗaga wuƙaƙe suna "Ango ka sha ƙamshi!" Wani direba ya leƙo ta taga ya tambaye shi nawa ya biya sadaki, tun da amaren ba sa ƙirguwa. Barau ya sunkuyar da kai yana tuƙi, kunnuwansa kamar an gasa.

A ƙofar gidan Malam Hadi ya jingine keke ya yi sallama, muryar can ƙasa. Batulu ta fito. Ba tulu a hannunta, ba tsinke.

"Malam Barau, ashe biki aka yi ba gayyata? Ko alkakin ma ai ka bari mu yi."

"Mai alkaki, ke ma har da ke?"

"Ni tambaya ɗaya gare ni." Ta gyara mayafi, ta jingina da bangon zaure. Ba dariya a fuskarta yanzu. "An ce ɗakin ya shekara biyu a kulle. Mutum ba ya yin daɓe da makuba don ƙudan zuma. Na wa ne?"

Barau ya dubi ƙasa, ya dubi azarar zauren, ya dubi kekensa ko zai taimake shi. Mutumin da yake hawa ƙololuwar ɗorawa ya zura hannu cikin amya ko gezau, ga shi gumi yana bin gemunsa a gaban mace guda.

"Na... na mai rabo ne."

"To Allah ya ba mai rabo sa'a. Sai anjima, ina da baƙo da la'asar." Ta juya.

"Naki ne!"

Maganar ta fito da ƙarfin da shi kansa ya firgita. Wata kaza da ke kiwo a bakin zaure ta yi tsalle ta gudu. Da bakin ya buɗe kuma sai ya ƙi rufuwa. "Naki ne, Batulu. Ke na gina wa. Tubalin farko da na buga da sunanki na buga shi. Na ji tsoro ne in faɗa ki ce a'a, in rasa ko tsayuwar nan da nake yi. Yanzu ga shi ɗakin ma babu, zuma ta cinye. Ba ni da babur, ba ni da kanti. Amma ina son ki, Allah shi ne shaida."

Batulu ta tsaya, bayanta gare shi. Sai ta shige gida. Barau ya ce shi ke nan, baki ya yanka wuya. Har ya kama ƙahon keke sai ga ta ta fito rungume da tulu, bakinsa ɗaure da tsumma. Ta dire a gabansa ta koma. Ta fito da wani. Ta koma ta kawo kwalla, ta kawo langa mai murfi, ta kawo kwalabe a cikin daro, har zauren ya rasa wurin taka ƙafa. Tana haki ta ce, "Buɗe."

Ya kwance tsumman tulun farko. Zuma ce, ja wur, ta yi kauri. Ko bai lasa ba ya san ta, ta ɗorawar Dabo ce, ta bazarar bara. Ya buɗe kwallar, ta kaɗanya ce. Duk tasa ce, kamar ba a taɓa ko cokali ba.

"Iyayen amare sun ce zuma ta yi musu tsada," in ji Batulu. "Tun bara da sukari nake alkaki."

"Alkaki da sukari?" Barau ya zaro ido, ya ma manta halin da yake ciki. "Haba Batulu! To wanda nake ci fa? Na rantse zuma ce."

"Naka biyun kaɗai nake tsomawa a zuma. In na ba ka na sukari ai harshenka zai tona ni."

"To in ba kya amfani da ita, don me kike..."

Bai ƙarasa ba. Ya dubi tulunan nan jere, na kowace kasuwa da ya tsaya a zauren tun bara, ya dubi matar da ta yi ta saye tana tarawa a ƙarƙashin gado don kada keke mai kuka ya daina tsayawa a ƙofarsu. Idanunsa suka ciko.

"Na ce in ajiye, da tsohuwar zuma ake magani," ta ce. "Ta alkakin bikina ce. Wallahi Malam Barau, da ka bari la'asar ta yi bakinka a rufe, da a bikin Alhaji za a sha ta, kai kuma a aiko maka da naka biyun a faifai."

"Allah ya kiyaye," in ji Barau da sauri.

"Amin. Yaya Hadi yana turakarsa." Ta share ido da gefen mayafi, tsohon kallon nan nata ya dawo. "Shi kuma don Allah kada ka turara shi. Magana ake yi masa."

Ranar nan gindin tsamiya bai ga Barau ba, masu tari suka yi ta jira har suka haƙura. Alhaji Hambali ya zo da la'asar ya ji yadda ake ciki, ya yi dariya ya ce wanda zuma ta bi har ɗaki ba a ja da shi. Da biki ya zo ma buhun sukari ya aiko gudummawa, Barau ya yi godiya ya sa aka kai shi can ƙuryar rumbu. Alkakin da aka ci a bikin nan kuwa, tsofaffin Kwandiko sun daɗe suna zancensa.

Ɗaki sai da aka gina wani, don Batulu ta ce waɗanda suka riga ta tarewa a bar su, ba ta zo tashin kowa ba. Wannan karon Dabo ya tsaya a kan aikin da sandarsa, ya ce in ya ga kasko ya doshi ɗakin sai ya fasa shi.

Ranar kasuwar farko bayan ta tare, Barau ya ɗaura goruna, ya turo keke har bakin ƙofa, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Ba zauren da zai biya. Ya jingine keken, ya kwance gora guda, ya dawo ƙofar sabon ɗakin ya gyara murya.

"Salamu alaikum. Mai alkaki tana ciki?"

Ta ɗaga labule. Tsinken yana hannunta.